Ƙari a glandar saman ƙoda: gwajin inzayim, hoto, fitsari ko binciken nama, wanne za a dogara da shi?

Yawancin waɗanda aka gano wa ƙari a glandar adirinal ba shi ne ya kai su asibiti ba. Hoton ciki aka ɗauka saboda tsakuwar ƙoda, ko ciwon baya, ko bayan hatsari, sai mai karanta hoton ya ƙara layi ɗaya a ƙarshen rahoto: akwai ƙullutu a saman ƙodar hagu. Ana cin karo da irin wannan a wajen mutum 2 zuwa 5 cikin kowane 100 na manyan da aka yi wa hoton CT na ciki, kuma abin yana ƙaruwa da shekaru. Kansar ɓawon glandar kuwa, wadda kowa ke tsoro, ba ta wuce mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan a shekara. A nan gizo ke saƙar: cikin tarin ƙullutan da ba su da illa, yaya za a tsinto 'yan ƙalilan masu kisa, ba tare da an yanka kowa ba, kuma ba tare da an sallami mai kansa ya koma gida ba?

Glandar guda biyu ce, ɗaya a kan kowace ƙoda, kowace nauyinta 'yan giram ne kawai. Tana da ɓawo da tsakiya, kuma a zahiri gaɓoɓi biyu ne a riga ɗaya. Ɓawon yana sarrafa kolestirol ya mayar da shi homon: kotisol, aldostiron, da homon ɗin maza irin su DHEA. Tsakiyar kuma ita ke fitar da adirinalin da noradirinalin. Ƙarin ɓawo marar illa shi ake kira adinoma, mugun kuma kansar ɓawo. Ƙarin tsakiya sunansa fiyokuromositoma, kuma shari'arsa daban ce gaba ɗaya. Ga kuma baƙi: kansar huhu, ta ƙoda, ta mama ko ta fata da ta yaɗu ta sauka a glandar.

Duk aikin glandar inzayim ne ke yin sa, wato furotin ɗin da ke hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani. Shi ya sa tunanin amfani da aikin inzayim a matsayin alamar kansa ya daɗe yana jan hankalin masu bincike. Ƙwayar halittar da ta zama kansa tana kunna wasu inzayim da ya kamata su kasance a kashe, tana kuma sakaci da waɗanda ya kamata su yi aiki. Ana iya kama wannan ta hanyar auna aikin inzayim ɗin kai tsaye a cikin nama, ko ta bin sawun da ya bari a fitsari da jini, ko ta rina nama a ga ko yana nan. Waɗannan hanyoyi ba darajarsu ɗaya ba, kuma dole a gwada su da tsofaffin hanyoyin da suka riga su.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, kuma wanda ya fi kowane muhimmanci, shi ne lokaci. Tambayar "kansa ce?" tambaya biyu ce. Kafin tiyata ana son a san ko za a yi aikin, kuma ta wace hanya. Bayan tiyata ana son a san ko a sallami mutum, ko a ci gaba da bibiya, ko a fara magani. Gwajin da sai an ciro ƙarin yake yiwuwa ba shi da abin cewa a tambaya ta farko, komai ƙwarewarsa.

Na biyu, wane irin kuskure gwajin ke yi. Akwai mai barin kansa ta wuce, akwai mai ihun ƙarya. Na farko yana kashewa, na biyu yana jawo tiyatar da ba ta zama dole ba.

Sai tsada, da sauƙin samu da na yi. Sai ɗorewa, wadda a nan take da fuska biyu: samfurin yana jure ajiya da tafiya, kuma in wani ɗakin gwaji ya maimaita zai samu amsa iri ɗaya? Na ƙarshe shi ne haɗarin da gwajin kansa ke jawo wa marar lafiya.

Hoton CT ba tare da allurar rini ba

Wannan shi ne ma'aunin da sauran ke bi a baya. Adinoma yawanci cike take da kitse a cikin ƙwayoyinta, domin kolestirol ne kayan aikinta, kuma kitse ba ya tare hasken hoto sosai. Mai karanta hoton yana zana da'ira a tsakiyar ƙullutun, yana kauce wa gefuna, na'ura ta ba shi lamba a ma'aunin Hounsfield, inda ruwa yake sifili, iska kuma 1,000 ƙasa da sifili. Idan lambar 10 ce ko ƙasa, kuma cikin ƙullutun bai ɗaya yake babu tabo-tabo, to adinoma ce. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin homon ta Turai ta fitar tare da cibiyar ENSAT ta masu binciken ƙarin adirinal a 2016, a bugun da aka sabunta a 2023, sun ce irin wannan ba ya bukatar wani hoto kuma, komai girmansa.

Cikin gwaje-gwajen nan yana daga masu sauƙin kuɗi, sau da yawa ma an riga an ɗauki hoton, sake dubawa kawai ake bukata. Minti kaɗan ne, hoton yana ajiyuwa shekaru, kuma lambar ba ta cika sauyawa daga asibiti zuwa asibiti ba. Haɗarinsa shi ne ɗan hasken radiyeshan, wanda ya sa ake fifita MRI ga yara da masu juna biyu.

Rauninsa ihun ƙarya ne. Kusan kashi 30 cikin 100 na adinoma ba su da kitse sosai, sai lambarsu ta haura 10 alhali lafiya lau suke. Don rage wannan ake yin allurar rini a duba yadda ƙullutun ke sakin rinin bayan minti 15. Adinoma tana saki da sauri, kashi 60 cikin 100 ko fiye a lissafin da aka saba. Amma fiyokuromositoma ma takan saki rini haka, ta yaudari mai kallo, kuma hujjojin da ke bayan wannan gwajin ba su kai na lambar farko ƙarfi ba. Girma ma ana dubawa: santimita 4 ita ce iyakar da ake fara ɗaga gira.

Telomires: auna aikin inzayim a cikin naman ƙarin

A ƙarshen kowane kuromosom, wato zaren DNA mai ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta, akwai wani jeri na haruffan gado guda 6 da ke maimaita kansu, ana kiransa telomiya. Duk lokacin da ƙwayar halitta ta rabu biyu sai ya ɗan gajarta, har ya kai inda ƙwayar za ta daina rabuwa. Telomires shi ne inzayim ɗin da ke sake tsawaita shi. Carol Greider da Elizabeth Blackburn ne suka gano shi, suka wallafa a 1985, kuma a 2009 suka raba kyautar Nobel da Jack Szostak. A yawancin ƙwayoyin jikin baligi a kashe yake, amma a kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na nau'o'in kansar ɗan Adam a kunne yake. Da aka fito da gwajin TRAP a 1994, wanda ke iya gano aikinsa a ɗan mitsitsin nama, sai aka ga kamar an samu abin da ake nema: gwaji ɗaya mai cewa e ko a'a. A ƙarshen shekarun 1990 an gwada shi a ƙarin adirinal a wurare da dama, har da Japan da Jamus.

Sai a duba yadda ake yin sa. Da zarar likitan tiyata ya ciro ƙarin, a yanki ɗan guntu tun bai huce ba, a tsoma a ruwan naitirojin, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Daga baya a niƙa, a tace ruwan, a zuba masa ɗan guntun DNA na roba. In akwai telomires mai rai, zai dinga ƙara haruffa shida-shida a kan guntun. A ninka abin da na'urar PCR, a baza a faranti, sai a ga layuka a jere kamar matakala. Babu matakala, babu aiki. Amma inzayim ɗin yana ɗauke da RNA a jikinsa, zafi yana kashe shi, jinkiri yana lalata shi. Naman da aka riga aka jefa a fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, wanda shi ne abin da ake yi wa kusan kowane ƙari a ɗakin tiyata, ya tashi daga aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya: in ba a shirya daskarewa tun kafin a shiga tiyata ba, zancen ya ƙare.

Sakamakon kuma bai fito fes yadda aka yi fata ba. Gaskiya ne an fi samun aikin telomires a kansar ɓawo da fiyokuromositomar da ta yaɗu fiye da ƙullutai marasa illa. Amma an samu adinoma masu nuna aiki, an kuma samu kansa tabbatacciya da ba ta nuna ba. Dalilan a fili suke. Fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki da suka kutsa cikin ƙari suna da nasu telomires, su ba da amsar e ta ƙarya. Ƙari babba ba bai ɗaya yake ba, guntun da aka yanka yana iya faɗawa a mataccen wuri. Sannan wasu kansoshin ba sa bukatar telomires sam, suna tsawaita telomiyarsu ta wata hanya da ake kira ALT, wadda ke da alaƙa da lalacewar ƙwayoyin gado na ATRX da DAXX, kuma ana samun wannan a kansar adirinal. Ƙari a kan haka, cutar ba ta da yawa, don haka binciken da aka yi duk a kan mutane kaɗan ne.

A ganina babbar matsalarsa ba ma waɗannan ba ce, lokaci ne. Amsarsa tana zuwa bayan an ciro ƙarin, lokacin da likitan binciken nama ke da ƙarin gaba ɗaya a gabansa. Ga mai tambayar ko a yi masa tiyata, ihu ne bayan hari. Tsadarsa ba a sinadaran take ba, a firiza take, da wutar da ba ta yankewa, da ƙwararren ma'aikaci. Babu wata ƙa'idar likitoci da ta sa shi cikin gwajin yau da kullum. Ilimin da ya haifar dai bai tafi a banza ba: babban binciken ƙwayoyin gado na kansar ɓawon adirinal da shirin TCGA na Amurka ya wallafa a 2016 ya nuna sauye-sauye a TERT, ƙwayar gadon da ke ƙera telomires, kuma DNA tana jure fomalin fiye da inzayim mai rai.

Sawun inzayim a fitsari

A nan ne tunanin inzayim ya yi amfani na gaske. Ƙera kotisol daga kolestirol aiki ne mai matakai, kowane mataki da inzayim ɗinsa, kamar masana'antar da kaya ke bi daga hannu zuwa hannu. Adinoma masana'anta ce mai tsari, ko da ta yi yawan aiki kayanta gamammu ne. Kansa kuwa ma'aikatanta na ƙarshen layi sun yi rauni, sai kayan da ba a gama ba su taru su malala cikin jini, ƙoda ta zubar da su. Misali mafi bayyana shi ne inzayim na matakin ƙarshe, CYP11B1, mai mayar da 11-diyoksikotisol zuwa kotisol. In ya gaza, sai ragowar da ake kira THS ta yi yawa a fitsari. Binciken da Wiebke Arlt da abokan aikinta na Jami'ar Birmingham a Ingila suka wallafa a 2011 ya nuna THS ita ce ta fi kowace bambanta kansa da adinoma. Abin sha'awa, har kansar da a gwajin jini na yau da kullum ake cewa ba ta fitar da homon, sau da yawa tana zubar da waɗannan gutsattsarin.

An gwada hanyar a babban bincike mai suna EURINE-ACT, aka wallafa a 2020. Mutum 2,017 masu sabon ƙarin adirinal aka bi, 98 daga cikinsu suka kasance da kansar ɓawo. Da aka haɗa abu uku, wato girma sama da santimita 4, hoto mai alamar tambaya, da fitsari mai nuna babban haɗari, kusan kashi 76 cikin 100 na waɗanda ukun suka nuna kansa ce da gaske. Waɗanda haɗin ya wanke kuwa, kashi 99.7 cikin 100 ba su da ita. Binciken ya kuma nuna cewa ɗaga iyakar Hounsfield daga 10 zuwa 20 yana rage ihun ƙarya sosai, daga wanke kashi 64 na marasa kansa zuwa kashi 80, ba tare da an yi asarar masu kansar ba sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ga marar lafiya babu allura, babu radiyeshan. Jarka ake ba shi: fitsarin farko na safe ya zubar, daga nan duk wanda ya yi har na safiyar gobe ya tara a ciki. A nan ake yawan kuskure, mutum ya manta sau ɗaya ko biyu, ko ya ƙi faɗa cewa yana shan magani mai sitiroyid ko yana shafa mai ɗauke da shi. Samfurin yana jurewa in an daskare shi, ana iya tura shi wata ƙasa. Matsalar ita ce na'urar auna nauyin sinadarai da manhajar da ke fassara sakamakon, waɗanda ɗakunan gwaji kaɗan ne a duniya ke da su, kuma ba a gama daidaita ma'auni tsakaninsu ba. Kada kuma a manta iyakarsa: kansar ɓawo kaɗai yake gani. Kansar huhun da ta sauka a glandar, ko limfoma, wato kansar kaluluwa, ko fiyokuromositoma, duk za su wuce shi salin alin.

Inda babu wannan na'ura, akwai ƙaninsa a gwajin jini: DHEAS, andirostindayon, 17-haidiroksifurojestiron, testostiron ga mata, istiradayol ga maza. Ƙarin da ke fitar da kotisol da homon ɗin maza a tare, musamman in alamun sun taso cikin 'yan watanni, mace ta fara gemu muryarta ta yi kauri, abin zargi ne ƙwarai.

Hoton PET da sukari mai haske

Mutane ba sa lissafa shi cikin gwajin inzayim, amma shi ma ɗin ne. Ana yin allurar wani sukari mai ɗauke da fulorin-18, ƙwayar halitta ta haɗiye shi, inzayim mai suna hekzokaines ya maƙala masa fosfet, daga nan ya maƙale a ciki ba ya fita. Ƙwayar da ta fi cin sukari ta fi haske. Ana gwada hasken ƙarin da na hanta.

Amfaninsa babba shi ne yana duba jiki duka a zama ɗaya, kuma ƙarin da bai haska ba da wuya ya zama kansa. Amma ya fi duk hotunan tsada, kuma ƙarfin fulorin-18 yana raguwa da rabi kowane minti 110, don haka sai asibitin da ke kusa da inda ake ƙera shi. Haske kuma ba hukunci ba ne: fiyokuromositoma tana haskawa, wasu adinoma suna haskawa, tarin fuka da ya kama glandar ma yana haskawa.

Tsakuro nama da allura

Wannan ne mutane suka fi nema da bakinsu, shi ne kuma ya fi ba da kunya. Ɗan zaren naman da allura ke cirowa ba ya iya bambanta adinoma da kansar ɓawo, domin alamun da ake nema, kamar kutsawa cikin jijiya ko fasa fatar ƙarin, a gefe suke. Allurar tana iya fasa fatar ta shuka ƙwayoyin kansa a kan hanyarta. In kuma ƙarin fiyokuromositoma ne ba a sani ba, tsikarinsa na iya sa jini ya hau farat ɗaya har a rasa rai. Ga zubar jini da hujewar rigar huhu. Wurinsa ɗaya ne: mutum yana da wata kansa a wani wuri, ko ana zargin limfoma ko wata cuta mai yaɗuwa, an tabbatar ba fiyokuromositoma ba ce, kuma amsar za ta sauya maganin.

Binciken ƙarin bayan tiyata

Har yau wannan ne alƙali ga ƙarin ɓawo. A 1984 Lawrence Weiss ya jera alamu 9 da ake dubawa a madubin likita, ciki har da yawan rabuwar ƙwayoyi sama da 5 a fili 50 da aka leƙa ta madubin, rabuwa mai karkatacciyar siffa, mataccen nama, da kutsawa cikin jijiyoyi ko fatar ƙarin. Alamu 3 ko fiye, kansa ce. Ana haɗawa da rinin Ki-67, mai ƙirga kason ƙwayoyin da ke cikin rabuwa, da rinin SF-1 mai tabbatar da cewa daga ɓawon glandar ƙarin ya fito. Lambar Ki-67 tana da nauyi a aikace: sama da kashi 10 yawanci ana ba da shawarar maganin mitoten bayan tiyata, yayin da binciken ADIUVO na 2023 bai ga wata riba a fili ba ga masu kashi 10 ko ƙasa da aka cire musu ƙarin tsaf.

Ba shi da tsada in an kwatanta da sauran, naman da aka adana a kakin farafin yana shekaru masu yawa, ana iya aika shi wani ƙwararre ya sake dubawa. Wannan damar a yi amfani da ita, domin likitoci biyu suna iya saɓawa a kan maki 2 ko 3, da kuma ƙirgar Ki-67. Ma'aunin Weiss kuma yana zuzuta haɗari a ƙarin yara, su nasu ma'aunin Wieneke ne.

Fiyokuromositoma: inda inzayim ya fi faɗa a ji

Tun daga 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina raba wannan ƙari zuwa mai illa da marar illa. Kowane ɗaya yana iya yaɗuwa, kuma ba a cewa ya yaɗu sai an gan shi a inda irin namansa ba ya zama, kamar ƙashi ko kaluluwa. Kusan 1 cikin 10 ne ke yin haka, wani lokaci bayan shekaru masu yawa. Madubin likita ba ya iya yanke hukunci a nan yadda yake yi a ɓawo, duk da ma'aunai irin su PASS da GAPP. Saboda haka alamun inzayim suka samu fili.

Gano ƙarin kansa ma aikin inzayim ne: COMT da ke cikin ƙwayoyinsa yana mayar da adirinalin zuwa metanefirin ba dare ba rana, shi ya sa auna metanefirin a jini ko fitsari ya fi auna adirinalin. Ƙarin da ƙwayoyinsa ba su balaga sosai ba yakan rasa inzayim mai mayar da dofamin zuwa noradirinalin, sai ragowar dofamin mai suna metoksitairamin ta hau a jini, kuma hawanta yana tafiya da haɗarin yaɗuwa. Gwajin yana son a kwana ba a ci ba, a kwanta rigingine minti 20 zuwa 30 kafin a ɗebi jini, a kuma faɗi magungunan da ake sha, domin lebodofa, maganin cutar Parkinson, da wasu magungunan damuwa suna rikita shi.

Sai SDHB, wani ɓangare na inzayim ɗin da ke sarrafa saksinet a cikin injin makamashin ƙwayar halitta. Ana rina naman farafin. In launin ya ɓace, inzayim ɗin ya rushe, sai a nemi gwajin gado a jini. Rinin yana da araha, ana iya yin sa ko a tsohon nama. Lalacewar SDHB tana cikin manyan alamun haɗarin yaɗuwa, kuma gadonta ake yi, kowane ɗa yana da rabin yiwuwar ɗauka. Kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na masu wannan ƙari da danginsa na wajen glandar gado suka yi.

| Gwaji | Lokaci | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Babban rauni |
|---|---|---|---|---|---|---|
| CT ba rini | Kafin tiyata | Kaɗan | Sosai | Sosai | Ɗan radiyeshan | Adinoma marar kitse |
| Sawun inzayim a fitsari | Kafin tiyata | Matsakaiciya zuwa sama | Samfuri na jurewa | Tarawa da sauƙi, ɗakin gwaji da wuya | Babu | Kansar ɓawo kaɗai |
| PET | Kafin tiyata | Sosai | Maganin ba ya ajiyuwa | Manyan cibiyoyi | Radiyeshan | Ihun ƙarya |
| Allurar tsakuro nama | Kafin tiyata | Matsakaiciya | Nama kaɗan ne | Sai ƙwararre | Babba | Ba ya raba adinoma da kansa |
| Telomires | Bayan tiyata | Sama | Rauni ƙwarai | Da wuya | Babu sabon haɗari | Kuskure ta fuska biyu |
| Weiss da Ki-67 | Bayan tiyata | Kaɗan | Sosai | Sai ƙwararre | Babu sabon haɗari | Saɓanin masu dubawa |
| Metoksitairamin da SDHB | Kafin da bayan | Matsakaiciya | Jini na son sanyi, nama na jurewa | Matsakaici | Babu | Haɗari suke nunawa, ba hukunci ba |

Wanne ya dace da wa

Mai ƙullutu bai ɗaya da lambar Hounsfield 10 ko ƙasa ba ya bukatar komai daga cikin masu tsadar nan. Abin da ya rage masa duba homon ne: ƙwayar deksametason miligiram 1 da dare, a auna kotisol da safe, in ya sauka zuwa nanomol 50 a lita ko ƙasa lafiya, in yana da hawan jini ko ƙarancin fotasiyam a ƙara da aldostiron da renin.

Mai lamba 11 zuwa 20 da girma ƙasa da santimita 4, haɗarinsa kaɗan ne. Ko dai a ƙara hoto ɗaya nan take, ko a sake CT bayan wata 12. A nan gwajin fitsari, in ana samunsa, yana kwantar da hankali. Ƙullutun da ya ƙaru da sama da kashi 20 cikin 100, kuma aƙalla milimita 5, na cirewa ne.

Mai ƙari santimita 4 ko fiye, cikinsa tabo-tabo ko lambarsa sama da 20, kada ya ɓata lokaci yana neman gwajin da zai hana tiyata, kada kuma ya yarda da allura. A auna metanefirin, a auna gutsattsarin homon a jini ko fitsari tun ƙarin yana jiki, domin su ne za a bibiya daga baya a gane ko ya dawo, a ɗauki hoton ƙirji, sannan a nemi likitan da ya saba da tiyatar adirinal. In akwai alamar kutsawa cikin maƙwabta, buɗe ciki ake yi, ba tiyatar huji da kyamara ba, saboda fashewar ƙarin a ciki tana lalata damar warkewa.

Mai wata kansa a wani wuri: metanefirin, sai PET, sai allura in har za ta sauya shiri.

Mai fiyokuromositoma yana bukatar maganin toshe tasirin adirinalin na kwana 7 zuwa 14 kafin tiyata, da metoksitairamin in akwai, da rinin SDHB, da gwajin gado, da bibiyar shekara-shekara ta aƙalla shekara 10. Ga matashi, ko mai gado, ko mai babban ƙari, bibiyar ta tsawon rai ce.

Yaro, mai juna biyu, da wanda bai kai shekara 40 ba, ba a jan ƙafa da su, domin ƙarin adirinal ba abin da aka saba gani ba ne a wannan shekaru. Yaro mai kansar ɓawo a duba masa TP53. A kudancin Barazil, inda wani sauyi na wannan ƙwayar gado ya yaɗu a cikin jama'a, cutar ta ninka ta sauran duniya a yara fiye da sau 10.

Wanda aka riga aka yi wa tiyata, rahoto ya zo da makin Weiss 2 ko 3, kuɗinsa ya fi amfani a tura naman ga ƙwararren likitan binciken naman adirinal a sake ƙirga Ki-67, da a nemi telomires. Telomires na mai bincike ne da ke da firiza da naman da aka daskare tun a ɗakin tiyata, shi ma in tambayarsa a kan hasashen yaɗuwa ce, duba TERT da ATRX a DNA zai ba shi damar amfani da tsofaffin samfuran farafin da ke jibge a ma'ajiya.